Motar da ta fasa fistan sau biyu a bazara ɗaya

Da igiya aka jawo ta garejina karo na biyu, a bayan wata Hilux, da la'asar sakaliya a farkon watan Yuni, lokacin da hadari ke haɗuwa a gabas yana watsewa ba ɗigon ruwa. Golf 4 GTI ce ƙirar 2002, baƙa, mai injin 1.8T da turbo, abin da ke cusa wa inji ƙarin iska. Mai ita ɗan abokina ne, tare muka tashi da mahaifinsa a Zango, shi ya sa Baba yake ce mini. Ya jima a ciki bai fito ba. Da ya fito, abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Baba, ta sake." Sati shida ke nan da na miƙa masa makullinta da hannuna na ce ta warke.

Na zauna na rubuta yadda aikin ya gudana saboda samarinmu sun fara taɓa ƙwaƙwalwar motocinsu, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, a nan Damagaram da Maraɗi har Kano, kuma mu makanikai da muka saba da kabureta da Peugeot 504 muna karɓar irin waɗannan motoci da tsohon tunani. Ni ma da shi na karɓi wannan, kuma yaron ne ya biya kuɗin kuskurena.

Injin Volkswagen ne mai lamba AUM. Silinda huɗu, cc 1,781, supap (bawul masu shigar da iska da fitar da hayaƙi) biyar a kan kowace silinda, faɗin silinda milimita 81, tafiyar fistan 86.4, matsinsa 9.5. Daga kamfani doki 150 yake bayarwa da ƙarfin juyi Nm 210. Turbonsa ƙarami ne, K03s, mai saurin cika tun injin bai yi nisa da juyawa ba. Abin da ya sa samarin Turai suka ƙaunace shi, ba sai ka kwance ƙusa ko ɗaya ba: ka canza firogaram ɗin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, Bosch ME7.5, sai ya haura doki 190 ko 200. Wannan gaskiya ce. Amma a can ake yi, inda gidan mai ke zuba esansi, wato fetur, mai oktan 95 da 98, kuma zafin da suke kuka da shi hantsi ne a wurinmu a watan Mayu.

Yaron ya sayi motar cikin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, ya yi shekara biyu da ita ko tari ba ta yi ba. Daga baya ya shiga wani zaure na WhatsApp na masu son gudu, ya sayi firogaram daga wani mutum a ƙasar waje, wani mai gyaran kwamfuta a gari ya loda masa. Yaron ya cire akwatin iska na kamfani ya sa buɗaɗɗiyar matata mai siffar mazurari. Ya fasa salansa ya zubar da abin tace hayaƙi. Na ƙarshe, wanda ya fi duka muni, ya sa wani ɗan famfo na hannu a kan tiyon da ke buɗe ƙofar turbo, yana murɗa shi yadda ya ga dama, har allurar matsin iska takan taɓa bar 1.6 a juyi 3,000 a minti. Mai kuwa, inda ya ƙare nan yake sha, gidan mai ko ruwa-ruwa na kwalba a bakin hanya.

Faɗuwar farko a watan Afrilu ta faru, kan hanyar Takeita, wajen ƙarfe biyu na rana. Mutum huɗu a ciki, kilim (na'urar sanyaya mota) a kunne, yana giya ta biyar ya taka totur har ƙasa don ya wuce tirela. Motar ta yi tsalle ta wuce, sannan ta fara ɗingishi, shuɗin hayaƙi ya biyo baya. Da na auna matsin silindoji na samu bar 11, 11, 4, 11. Na buɗe, na tarar da fistan na uku ya karye a gadar da ke tsakanin sagma (zoben fistan) na farko da na biyu. Bikin ƙanwarsa saura kwana tara, yana son motar ta shiga jerin kai amarya. Na samo fistan na hannu, na sa sabbin sagma, na goge silindar, na rufe. Bayan na tayar na sake aunawa, ta uku ta ba ni 9.5, sauran 11. Na ce wa kaina sagma ne ba su zauna ba tukuna. Ban auna biyel, sandar da fistan ke turawa, ba, ban duba mai ba, ban tambayi abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ba. Famfon hannun nan na gan shi da idona, na ce masa ya rage, ban cire ba. Ruwa ba ya tsami banza, na sani tun ina yaron gareji, amma ranar na canza abin da ya karye ban nemi abin da ya karya shi ba.

Abin da muka gani da muka sauke injin

Wannan karon na ce ba wanda zai yi mini maganar rana. Muka sauke injin gaba ɗaya, muka shimfiɗa kwali, kowane ƙarfe aka ajiye shi da lambar silindarsa.

Kafin a zare fistoci, na kawo kowanne can ƙololuwa na auna tsayinsa da fuskar bulok. Na uku ya gaza sauran da milimita 0.9. Biyel ɗinsa ya lanƙwashe, lanƙwasar da ido ba ya gani sai ka ɗora shi kan gilashi kusa da ɗan'uwansa. Ina da yaƙinin tun Afrilu ya lanƙwashe, shi ne 9.5 ɗin da na gani na kau da kai. Gefen fistan ɗin ya narke kamar an lasa masa wutar walda, kansa ya yi ƙuraje-ƙuraje, kuma na biyu ma ya fara. Kusine (shimfiɗar ƙarfen da ke cikin bakin biyel) na sama a dukan biyel huɗun sun yi sheƙi a wuri ɗaya, alamar duka, ba alamar rashin baƙin mai ba. Buji (fulogi) huɗu fari fat, da ɗige-ɗigen alminiyam kamar an barbaɗa musu barkono. Duk makanikin da ya ga waɗannan tare ya san sunan ciwon: injin yana ƙwanƙwasa, kuma ya daɗe yana yi.

A nan zan tsaya, don nan ne yawancinmu ba mu fahimta ba. A lafiyayyen inji buji ke kunna wuta, wutar ta bazu a hankali daga tsakiya zuwa gefe, ta tura fistan kamar yadda ake tura amalanke. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ko man bai da juriya, ragowar haɗin da ke gefe ba ya jiran wutar ta iso, sai ya fashe da kansa. Wannan fashewar guduma ce a kan fistan. Oktan da ake faɗa ba ƙarfin mai ba ne, juriyarsa ce ga wannan fashewar. A tsohuwar 504 kana jin abin da kunnenka, kas-kas-kas kamar tsakuwa a gwangwani, sai ka ɗaga ƙafa ko ka rage abansi, wato ka jinkirta lokacin kunna wuta. A motar da aka fasa wa salansa, gilashi a rufe, kiɗa na tashi, ba abin da za ka ji. Sansa biyu da ke jikin bulok su ke ji, ƙwaƙwalwa ta janye wutar baya, amma janyewar tana da iyaka. Hanyarta ta biyu ita ce ta rage matsin turbo ta bawul ɗin da ake kira N75, wanda famfon hannun ya ƙwace wa aiki. An ɗaure mata hannu ɗaya ke nan.

Ɗan ƙanwata, wanda ya yi karatun lantarki kuma shi ke riƙe mini kwamfuta, ya nemi yaron ya turo masa fayil ɗin da ya saya. Ya duba sunan ya ce, "Kawu, ku ga ƙarshensa." An rubuta 98. Yaron ya ɗauka lambar fayil ce. Wanda ya rubuta firogaram ɗin ya tsara shi ne don esansi mai oktan 98, mu kuwa ma'aunin da ake bi a yankinmu 91 ne, idan man bai gamu da komai a hanya ba.

Na wannan motar ya gamu. Da muka sauke tanki muka juye a baho, ruwa ya kwanta a ƙasa, da yashi mai laushi, kuma hancina ya ji warin kananzir. Ba na zagin masu ruwa-ruwa. Da yawansu mai tsabta suke sayarwa, kuma shekara da shekaru su suka riƙe kabu-kabu da motocin ƙauye, kafin matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 da bayanta. Amma man da ya kwana a jarka ya wuni a kwalba cikin rana, ya bi hannu uku kafin ya iso gare ka, ba mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinsa. Babur zai sha ya tafi. Injin da ake cusa wa iska bar ɗaya da rabi ba zai yafe ba.

Muka gwada famfon mai. A wannan injin matsin mai bar 3 ne a kan matsin da ke cikin bututun iska, wato idan turbo ya ba da bar 1.2, ma'auni ya nuna 4.2. Namu da muka matsa masa yana kaiwa 3.4 sai ya fara zamewa. Muka jera anjekta huɗun, masu fesa wa silinda mai, a kan kwalabe huɗu masu awo, muka ba su wuta lokaci ɗaya. Na uku ya gaza sauran da kusan kashi 15 cikin ɗari, feshinsa ma ya karkace. Ga amsar tambayar da ban yi ba a Afrilu: me ya sa ta uku? Ita ce ta fi kowa yunwar mai, mai kuwa shi ke sanyaya cikin silinda idan an taka.

Sai iska. Matatar mazurarin tana zaune a bayan radiyata tana zuƙar iskar da ta riga ta gasu, kuma ƙurar hunturu biyu ta bi ta cikinta. Fukafukan turbo sun cinye a baki kamar tsohuwar lauje, jikin silindoji ya yi zane-zane, debimeta, mai auna iskar da ke shiga inji, ta yi datti tana ba da lissafin ƙarya. Iskar da ta shiga turbo da zafin digiri 45 aka matse ta haka takan fito sama da 150, aikin antakula ne ya sauke ta. Ta wannan motar ƴar ƙarama ce a kusurwar bamba, muka tarar ƙarangiya da busasshiyar laka da fukafukan fara sun toshe rabinta. Radiyata kuma da ruwan ƴan garuwa ake cika ta, abin da kowa ke yi a garin da ruwan sha ma sai an yi dabara, cikinta ya yi farin dutse kamar tsohuwar buta.

Na kira yaron na jera masa kayan a kan kwali. Ya ce, "Baba, ku sa mata fistan da biyel masu ƙarfi kawai, na gani a intanet suna ɗaukar doki 400." Na ce masa, "Ɗana, ƙarfe mai ƙarfi jinkirta karyewa yake yi, ba ya hana dukan. Idan ka yarda, zan gina maka injin da zai yi gudu a nan, da man nan, a watan Afrilu. Lambar da zai ba ka ba za ta kai ta abokanka na waya ba. Idan ba ka yarda ba, ga kayanka." Kuɗin hannuna na aikin farko na ce a cire daga na biyu, don hakkinsa ne. Ya yi kwana uku bai dawo ba. Da ya dawo da mahaifinsa ya zo, aka yi magana ɗaya.

Ginin

Damina duka a jiran kaya ta wuce. Fistoci da biyel daga waje aka yi odarsu, sauran na bi ta Matamaye da Daura na shiga Kano da bulok da kilas a bayan mota. Duk ɗan Damagaram da zai je sayen kaya Ƙofar Ruwa ya riƙe tsohon a hannu, don bakinmu ba ɗaya ba ne: sagma a wurinsu ringi ne, kusine metal, biyel kwanrod, buji fulogi, kilas kuwa tof silinda. Lambar da ke jikin ƙarfe ita ce ba ta da yare.

Zanen silinda ta uku ya yi zurfi, don haka aka rarake duka huɗun zuwa milimita 81.5, injin ya koma cc 1,803. Ban bar bulok ɗin na tafi ba. Na ba mai injin fistocin a hannu, ya auna kowanne, ya yanka kowace silinda daidai da nata bisa ratar da takardar fistan ta faɗa, na sa ya sake aunawa a gabana sama da tsakiya da ƙasa. Fistocin na zaɓi masu matsi 8.5 maimakon 9.5 na asali. Wannan zaɓin yana rage wa mota ɗan kuzari kafin turbo ya cika, yana ƙara mata ɗan shan mai, amma shi ne ya ba mu sarari tsakaninmu da ƙwanƙwasa, sararin da man gidan mai ba zai ba mu ba. Biyel ƙirarru ne, tsawon milimita 144 kamar na asali, fil ɗin da ke haɗa su da fistan milimita 20 maimakon 19. Kilas an ɗora masa ma'auni, karkatarsa ba ta kai 0.1 da littafi ya yarda ba, aka share fuskarsa kaɗan, aka wasa supap ashirin ɗin aka canza robobinsu. Bilbirke, babban ƙarfen da biyel ke juyawa, bai ji ciwo ba, gogewa kawai aka yi masa.

Haɗawar a watan Oktoba muka yi, kuma abin da na fi jin tsoro ƙura ce. Na kwashe kayan ɗakin ajiya, muka rufe taga da leda, kowace safiya a yayyafa ruwa a ƙasa. Bulok ɗin da ya dawo daga yanka, ko ya yi ƙyalli, cike yake da garin dutsen wasa, kuma esansi ba ya fitar da shi. Ruwan zafi da sabulu da buroshi muka sa, yaran suka wanke har sau huɗu, sai da farin ƙyalle mai ɗan mai ya shiga silinda ya fito fari. Hanyoyin mai duka an bi su da iska, har ƴan bututun da ke fesa mai a ƙarƙashin fistan. Rariyar famfon baƙin mai ta cika da daskararren mai, muka canza ta tare da famfon.

Sagma ɗaya bayan ɗaya na sa a silindarsa na auna bakinsa na goge da hannu, na farko 0.45, na biyu 0.50. Wanda ya saba da injin da ba turbo zai ce sun yi faɗi. Sagma yana miƙewa idan ya yi zafi, in bakinsa ya haɗu ba wurin zuwa sai ya ɓalle gadar fistan, irin karayar Afrilu. Ratar kusine da zaren Plastigage kore na auna ta, duka suka faɗa tsakanin 0.04 da 0.05. Ƙusoshin bilbirke sababbi, Nm 65 da ƙarin kwata na juyi. Na kilas ma sababbi, don irin masu miƙewa ne, ba a ɗaura su sau biyu, duk da na san a garejojinmu ana yi. Sabuwar kurwa (bel ɗin inji) da abin ɗamararta, famfon ruwa, tamostat mai buɗewa a digiri 87 wanda wani ya taɓa cirewa wai don kada mota ta yi zafi, sabuwar radiyata da ruwan G12 haɗe da tataccen ruwa. Turbo aka canza masa ciki. Akwatin iska na kamfani ya koma wurinsa da matatar takarda, sabuwar debimeta, sabon famfon mai da matatarsa, anjekta huɗu da muka gwada a kwalba suka zo kai ɗaya. Buji NGK BKR7E, masu sanyi da mataki ɗaya, rata 0.7. Famfon hannun na cire shi na ba mahaifin yaron.

Muka mayar da firogaram na kamfani kafin a tayar. Mai loda wa irin wannan ƙwaƙwalwa ya tabbatar batir a cike yake kuma kwamfutarsa ba ta dogara da wutar gari ba, don in abu ya yanke a tsakiya motar ba za ta ƙara tashi ba sai an buɗe akwatin. Muka juya injin ba buji har fitilar mai ta mutu, sannan aka tayar. Kilomita 1,000 na farko da N75 a cire aka yi su, turbo ba ya wuce abin da sifirin ƙofarsa ya bari, ƙasa da rabin bar. Na hana yaron barin ta tana aiki a tsaye, na hana shi riƙe gudu ɗaya: ya taka kaɗan, ya saki ta ja da giya, Mirya ya dawo, Mirya ya dawo. Juyen mai na farko a kilomita 50, na yanka matatar na duba cikinta a rana, na biyu a 500, na uku a 1,000, daga nan muka koma 5W-40 mai lambar VW 502 00. Matsi ya zauna 10.5 a duka huɗun.

Saitin

Ba mu da injin gwajin ƙarfi da ake ɗora mota a kai. Abin da muke da shi hanyar Tanut ce, da kwamfuta mai VCDS, firogaram ɗin karanta ƙwaƙwalwar mota, da haƙuri. Mukan zaɓi miƙaƙƙen wuri da ba gari, yaro ɗaya ya yi gaba da babur ya tsaya yana duba dabbobi da amalanke, ni ina tuƙi, ɗan ƙanwata yana gefe da kwamfuta a cinya. Giya ta uku kawai, daga juyi 2,000 zuwa 6,000, sau uku a jere, don ja na farko kowace mota tana yin kyau, na uku ne ke faɗin gaskiya. Gida huɗu muke karantawa: 020 mai nuna yawan wutar da ƙwaƙwalwa ta janye a kowace silinda, 115 mai nuna matsin da aka nema da wanda aka samu, 031 na lamda, wato ma'aunin haɗin iska da mai, da 118 inda zafin iskar shiga yake. Kafin a tayar, gida 115 yana nuna kusan milibar 960, ba 1,013 na bakin teku ba, saboda tudun da Damagaram take kai, don haka turbo a nan sai ya ƙara ɗan wahala kafin ya kai abin da aka nema.

A watan Disamba muka yi saitin wucin gadi. Da safe cikin hunturu iskar shiga ba ta wuce digiri 30, janyewar wuta sifili ko 1.5, motar tana tafiya kamar an sake ta daga mari. Yaron ya zo da murna ya ce, "Baba, ku ƙara mata, tana nema." Na ce a'a. Injin da aka saita a sanyin Disamba a bazara yake mutuwa, kuma wannan kuskuren ɗaya ne da na firogaram ɗin 98, sai dai namu na gida ne. Muka bar ta a bar 0.8 har wata huɗu. Wannan jiran ya fi masa ciwo fiye da kuɗin.

Afrilu ta zo, muka fita ƙarfe biyu na rana, ma'aunin waje yana nuna 43, kilim a kunne, da man gidan mai ɗaya da muka amince da shi. A bar 1.0, da ƙaramar antakular da muka wanke, ja na farko iska 58, na uku 74, janyewar wuta ta kai digiri 7.5 a silinda biyu. Na ɗaga ƙafa muka dawo gida. Babu firogaram da zai gyara wannan, sai ƙarfe. Muka sa babbar antakula a gaba, iskar ta tsaya 56 a ja na uku. Amma ita ma da kuɗinta: ta tare wa radiyata iska, a cunkoson kasuwar Dole ruwan injin ya fara haura 100. Muka bincika muka tarar fankokin ba sa yin ƙaramin gudunsu, sai babban kawai idan abu ya riga ya yi zafi, ciwon da aka san Golf 4 da shi. Muka canza su, muka toshe gefe da gefe da faranti don iskar da ta shiga ta hanci ta bi ta cikin radiyata dole. Allura ta koma mazauninta.

Sauran kwanaki tara na rubutu da gogewa ne. Abin da na fi nacewa a kai shi ne yadda matsin ke hawa. Ƙaramin turbo irin wannan yana son ya watso duk ƙarfinsa lokaci ɗaya a juyi 2,500 zuwa 3,000, abin da direba ke ji kamar an hankaɗa shi, kuma nan ne biyel ke lanƙwashewa, nan ne ƙwanƙwasa ta fi yawa. Muka kwantar da hawan, bar 1.0 ba ya cika sai wajen 3,300, ya gangaro 0.8 a 6,000 inda turbon ya fara hura zafi fiye da iska. Lamda 0.80 idan an taka duka. Wuta muka riƙa ƙarawa da kaɗan-kaɗan har janyewa ta fara leƙowa, muka koma baya, muka tsaya inda ba ta wuce digiri 3 a ja na uku. Ɗan ƙanwata ya ƙara wani sharaɗi, idan iskar shiga ta wuce 60 ƙwaƙwalwa ta rage matsi da kanta. Rana ta ƙarshe na sa aka zuba lita goma na kwalba a kan rabin tanki, da gangan, don na san wata rana yaron zai makale a hanyar Gure ba gidan mai. Janyewa ta hau 5, matsi bai motsa ba, ba ta kai iyaka ba. Na gaya masa wannan na ranar dole ne, kuma ranar kada ya wuce rabin totur.

Debimeta ta nuna giram 150 a daƙiƙa a ƙololuwa. Da lissafin da masu wannan injin ke yi, a raba da 0.8, doki 187 ke nan ko kusa, cikin zafin 43. A zaurensu akwai masu faɗin 230, yaron ya nuna mini a waya, fuskarsa ba daɗi. Na ba shi makulli na ce ya kai ni Takeita. A daidai inda ta mutu bara ya sauko giya ta huɗu kamar yadda na koya masa, ya wuce motoci biyu a jere, ɗan ƙanwata a baya yana kallon gida 020, ya ce 2.3 ne mafi yawa.

Yanzu ta yi kilomita 14,000 a kan ginin. Duk 5,000 yake kawo ta juye, matatar iska kuwa a hunturu duk sati biyu ake buɗe ta a duba. Zuwansa na ƙarshe na cire buji, launin ƙasa-ƙasa, ba ɗigo ko ɗaya, matsi 10.5 zuwa 11. Abin da ya fara gazawa kuloci ne, wanda tun farko na san na kamfani ba zai daɗe da wannan ƙarfin ba: yana sulɓi a giya ta huɗu idan matsi ya cika. Mun yi odar wani, motar Kano ta ranar Talata za ta kawo shi, kuma kafin nan na ce ya riƙa kai yara makaranta da ita kawai.